Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban NITDA: A Leƙa Ɗakin Saba

Zuwa ga Malam Kashifu Inuwa Abdullahi,
Darakta Janar na Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA,
Abuja.



Ranka ya daɗe, ina rubuto maka ne daga wani ɗan ɗaki marar taga a wata babbar makaranta a nan Arewa. Sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanai, bakwai ne a cikinsa, da inbata, da batura, da fanka mai tsayawa da muke kunnawa duk ranar da na'urar sanyaya ɗaki ta ƙi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kula da su. Na zaɓi in yi maka magana ne saboda kai ɗan gida ne a wannan sana'a. Kafin ka hau wannan kujera a 2019 ka yi shekaru a Galaxy Backbone kana harhaɗa layukan sadarwa, ka kuma yi aiki a Babban Bankin Najeriya. Mai irin wannan tarihi ba sai an yi masa dogon bayani kan abin da ake ji a ƙirji ba, lokacin da aka sake tayar da inji da tsakar dare, ana kallon baƙin allo ana jiran ya amsa.

Ranar Litinin, 1 ga Yuli 2024, na shigo da safe, na ajiye jaka, na buga umarnin da na saba bugawa duk farkon mako, wato yum update. Injin ya ɗan yi shiru, sannan ya dawo mini da saƙo cewa bai ga adireshin da yake ɗauko faci ba. Ban yi mamaki ba. Washegarin 30 ga Yuni ne, ranar da wa'adin CentOS 7 ya cika bayan shekara goma, kuma huɗu daga cikin injunan nan bakwai shi ne a kansu. A ciki har da wanda ke riƙe da sunayen ɗalibai, da lambobin wayarsu, da sakamakon jarrabawarsu, da shaidar biyan kuɗin makaranta. Tun shekara biyu kafin ranar na fara rubuta takarda ina neman inji guda na gwaji da ɗan lokacin hutu don mu ƙaura. Sau uku na rubuta. Amsar da nake samu ba ta canzawa: "Ai yana aiki, Malam. Me ya same shi?"

Wannan tambaya ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ban ga laifin masu yin ta ba. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa manhaja tana da wa'adi kamar magani a kanti.

Tunda wasiƙar a buɗe take, ka ba ni dama in ɗan warware wa sauran masu karatu zaren. Linux babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta. Wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta zuciyarta a 1991, ya kuma saki tushenta ga duk mai so ya karanta, ya gyara, ya rarraba. Kamfanin Red Hat na Amurka ya gina kasuwa a kanta: ya tace, ya gwada, ya ɗauki alkawarin toshe duk ɓarakar da aka gano har shekara goma, kai kuma ka riƙa biyan kuɗin rajista duk shekara. Wannan toshiyar ita muke ce wa faci, kamar na taya, kuma kamar na taya ɗin, wanda ya ƙi yi a kan lokaci a hanya zai kwana. Da yake lasisin manhajar ya wajabta bayyana tushe, sai wasu masu aikin sa kai suka riƙa ɗauka suna sake ginawa, su cire tambarin kamfanin, su raba kyauta da sunan CentOS, tun 2004. Da shi muka koyi aiki. Makaranta, asibiti, ƙaramin banki, kamfanin da ke ajiye wa mutane shafukan intanet, duk wanda ke son ƙarfin Red Hat amma aljihunsa bai kai ba, CentOS ya ɗora.

A Janairun 2014 Red Hat ya rungumi aikin CentOS. A Yulin 2019 IBM ya kammala sayen Red Hat a kan dala biliyan 34. Sai ranar 8 ga Disamba 2020 aka wayi gari da sanarwa cewa CentOS 8, wanda aka sa ran zai kai 2029, za a rufe shi a ƙarshen 2021, a mayar da hankali kan CentOS Stream, wanda ke tafiya a gaban kayan Red Hat maimakon ya biyo bayansa. Shekara takwas aka datse da sanarwa guda. Waɗanda suka fi ƙwazo a cikinmu, suka yi sammakon ƙaura daga 7 zuwa 8, su ne suka fi kowa shan wuya, domin gidan da suka baro ya fi wanda suka koma tsawon kwana.

Jama'ar wannan sana'a ba su zauna suna kuka ba. Gregory Kurtzer, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CentOS, ya sanar da Rocky Linux, ya raɗa masa sunan abokin aikinsa marigayi Rocky McGaugh. Kamfanin CloudLinux ya fito da AlmaLinux a Maris 2021, ya miƙa ragamarsa ga gidauniya mai zaman kanta. A Yunin 2023 Red Hat ya ƙara matse ƙofa, ya daina ajiye tushen kayansa a inda kowa ya saba ɗauka. A Agustan shekarar Oracle da SUSE da CIQ suka haɗu suka kafa OpenELA don tushen ya ci gaba da samuwa, AlmaLinux kuma tun a Yuli ya sauya dabara, ya ce ba sai ya zama kwafi sak ba, muddin duk abin da ke tafiya a kan Red Hat zai tafi a kansa.

Ni dai ban riƙe Red Hat a zuciya ba. Albashin injiniyoyinsa ba daga sama yake faɗowa ba, kuma aikin da suke zubawa a Linux kowa na cin moriyarsa, har mu da ba mu taɓa biyan ko sisi ba. Abin da na ɗauka a wannan labari shi ne mun jingina kayan gwamnati da na jama'a a kan alherin wani kamfani, ba tare da mun tanadi inda za mu dafa in ya janye ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Amma a lura da abin da ya cece mu: da rufaffiyar manhaja ce, ranar da mai ita ya ce ya daina, magana ta ƙare. Saboda tushen a buɗe yake ne wasu suka iya ɗauka suka ci gaba cikin 'yan watanni. Shi ya sa har gobe nake ganin buɗaɗɗiyar manhaja ita ta dace da ƙasa irin tamu, musamman idan aka tuna cewa dalar da ake samu kusan naira 460 a hukumance kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a Fabrairun 2024, kuma duk lasisin da ake biya da dala ya bi ta ya hau.

Yallaɓai, ga abin da ya fi damuna. Bayan waccan Litinin, dabarar da ta yaɗu a tsakaninmu ita ce a sauya adireshi a koma vault.centos.org, rumbun da ake jibge tsofaffin kaya. Da an yi haka kuskuren ya ɓace, umarni ya tafi lafiya, hankalin kowa ya kwanta. To amma babu sabon faci ko ɗaya da zai sake shiga rumbun nan. Daidai yake da direban da fitilar mai ta kama masa a gaban mota, ya sa salatif ya manne ta, ya ci gaba da tafiya. Na san abokan aiki da dama da suka yi haka, ba don jahilci ba, sai don ba a ba su inji ba, ba a ba su lokaci ba, kuma in fotal ya tsaya na awa ɗaya su za a kira. Ka tuna ɓarakar da kamfanin Qualys ya bankaɗo a Janairun 2022, wadda aka yi wa laƙabi da PwnKit: tun 2009 take kwance a cikin polkit, kuma duk wanda ya sami ƙaramar ƙofa a inji zai iya zama mai gida da ita. A lokacin CentOS 7 na da rai, faci ya zo, muka liƙa, muka wuce. Irinta ta gaba in ta fito, injin da ke jingine da rumbu haka zai zauna a buɗe, da bayanan mutane a ciki, a ƙasar da ta sa hannu kan dokar kare bayanai a Yunin 2023.

Mu a nan sai a dogon hutun da ya biyo baya muka ƙaura, da tsohon inji da na aro daga ɗakin koyon kwamfuta. Mun bi ta ELevate, kayan aikin da AlmaLinux ya gina a kan Leapp, daga 7 zuwa 8, sannan zuwa 9, domin ba a tsallake mataki. Babbar manhajar ba ta ba mu wahala ba. Fotal ɗin ɗalibai ne ya zame mana ƙarfen ƙafa. Wani ɗan kwangila ne ya rubuta shi da tsohon PHP 5.4, aka yanka ƙyalle, aka yi hoto, aka biya shi, ya tafi. Bai bar takardar bayani ko shafi ɗaya ba, kalmar sirrin rumbun bayanai kuwa a cikin wani fayil muka tono ta. A daren farko na ce bari in gwada dawo da ajiyar ko-ta-kwana kafin mu taɓa komai. Fayilolin suna nan jere, kowanne da kwanan watansa, amma na wata huɗun ƙarshe duk fanko ne. Faifan ya cika tun tuni, aikin dare yana ta rubuta suna babu ciki. Na daɗe zaune ina kallon allon, ina lissafin ɗaliban da sakamakonsu zai bi ruwa da injin ya mutu a cikin watannin nan. Tun daga ranar, duk yaron da aka turo mini koyon aiki abin da nake fara gaya masa ke nan: ajiyar da ba ka taɓa dawo da ita ka gani da idonka ba, kada ka ƙirga ta. Sai in ƙara masa da sauran abin da muke gaya wa juna, cewa ya rufe shiga ta root daga nesa, ya yi amfani da mabuɗin SSH maimakon kalmar sirri, kada ya kashe SELinux don kawai ya hana shi wani abu, ya kuma rubuta duk abin da ya taɓa a littafi, saboda wanda zai gaje shi.

Wannan ɗan kwangila shi ya kawo ni kan babban roƙona. Hukumarka ce ke tantance ayyukan fasaha na ma'aikatu da hukumomin tarayya kafin a ba su izini. Wannan ƙofa ce da ba kowa ke da irinta ba. Ina roƙon kada wani aiki ya wuce ta sai ya amsa, a rubuce, wace babbar manhaja za a ɗora da ranar da wa'adinta zai cika, wane ma'aikaci ne da sunansa da muƙaminsa zai riƙa yi mata faci bayan ɗan kwangila ya tafi, kuma nawa aka ware duk shekara don kulawa. A kuma hana biyan kuɗin ƙarshe sai an miƙa tushen manhaja, da takardun bayani, da mabuɗai, an kuma dawo da ajiya sau ɗaya a gaban shaidu. Mun iya sayen inji, mun iya bikin buɗewa. Kuɗin kulawa ne kullum ake mantawa a kasafi, shi kuwa bai kai rabin rabin kuɗin sayen ba.

A wurin tantancewar nan a duba ƙarfen ma. Red Hat 10, wanda ya fito a Mayun 2025, ba ya hawa kan tsofaffin ƙwaƙwalen kwamfuta da suka girmi zubin da Intel ya fitar a 2013, alhali injunan hannu irin waɗannan su ne cike da ɗakunanmu. AlmaLinux 10 ya yi wani zubi na daban don su, Debian ma tana ɗaukar su. Wanda bai san wannan ba zai zubar da inji mai lafiya, ko kuma ya sayo tsohon da ba zai karɓi sabuwar manhaja ba. Sanarwa mai shafi ɗaya daga ofishinka za ta hana asarar miliyoyi. Haka nan a umarci kowace ma'aikata ta ƙirga injunanta da ke kan manhajar da wa'adinta ya wuce, ta kawo jadawalin ƙaura. Kuma a tabbatar wa ma'aikaci cewa faɗin gaskiya ba zai jawo masa takardar tuhuma ba, in ba haka ba kowa zai rubuto cewa lafiya lau.

Sai batun madubi, wato saba ta cikin gida da ke riƙe da kwafin rumbunan faci. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta rarrafe a Najeriya. A kwanakin nan faci mai ɗan ƙaramin nauyi sai da ya cinye mini yini. Ko a ranar lafiya, injina daga Turai ko Afirka ta Kudu suke jawo kaya, makarantar da ke maƙwabtaka da mu ma ta jawo irinsa sak ta wannan doguwar hanya, kowa na ƙona kuɗin data a kan abu ɗaya. Cibiyar sadarwar jami'o'in Afirka ta Kudu, TENET, ta daɗe tana riƙe da madubi, KENET ta Kenya ma haka. Mu muna da cibiyar ajiyar bayanai ta Galaxy Backbone da aka buɗe a Kano a Janairun 2023, muna da mahaɗar intanet ta IXPN, muna da cibiyar sadarwar jami'o'i ta NgREN. A ware inji biyu da faifai masu yawa, a ɗora Debian da Ubuntu da AlmaLinux da Rocky, a buɗe wa kowa, a sa mutum biyu su kula. Cikin duk abin da na roƙa wannan ya fi araha.

Kada a fahimce ni da cewa ina neman a buga doka kowa ya koma Linux gobe. Birnin Munich na Jamus ya mayar da dubban kwamfutoci kanta, a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Jihar Schleswig-Holstein kuma a 2024 ta yanke shawarar ƙaurar da kwamfutoci kusan 30,000, tana tafiya mataki mataki. Inda duk aka yi nasara, mutanen da za su riƙe abin aka fara tanada.

Mutanen nan su ne ƙarshen maganata, kuma su suka fi tsaya mini a rai. A ƙarshen Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga ta SSH a injinsa na gwaji ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Bai ce ba komai ba. Ya bi sawu har ya gano an dasa ɓoyayyar ƙofa a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya dasa, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe sama da shekara biyu yana taimako kamar mutumin kirki, har mai kula da aikin, Lasse Collin, wanda ya daɗe yana ɗauke da shi kusan shi kaɗai ya kuma gaji, ya ba shi amana. An kama abin kafin ya shiga manyan zubin da kamfanoni ke amfani da su. Gajiyar mutum ɗaya ce ta buɗe ƙofar, lurar mutum ɗaya ce ta rufe ta. Da na karanta labarin sai na tuna abokaina da ke riƙe da sabobin asibiti ko na ma'aikata su kaɗai, babu mataimaki, babu hutu, in sun tafi ta'aziyya ƙauye da kwamfuta a jaka suke tafiya. Gwamnatin Jamus tun 2022 ta kafa asusu na musamman don tallafa wa masu kula da irin waɗannan manhajoji. Mu ko ba mu kai nan ba, a fara da na gida: mai kula da saba ya zama muƙami sananne a tsarin aikin gwamnati, mai matakin girma da albashin da zai riƙe shi. Yanzu da yaro ya ƙware sai banki ya ɗauke shi, ko ya sami aikin waje yana zaune a ɗakinsa, a bar ɗakin saba a hannun ɗan bautar ƙasa da zai tafi bayan shekara guda da duk abin da ya koya.

Shirin 3MTT da hukumarka ke gudanarwa ya jawo matasa da yawa, na kuma ga amfaninsa a kan waɗanda suka zo wurina. Sai dai kusan kowannensu burinsa ya rubuta manhajar waya, ƙalilan ne ke tambayar wa zai riƙe injin da manhajar za ta zauna a kai. A ƙarfafa wannan ɓangare, a kuma taimaka da kuɗin jarrabawar ƙwarewa irin RHCSA, wadda ake biya da ɗaruruwan daloli, abin da ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. A Afirka AfNOG na horar da masu wannan aiki tun 2000, a gida akwai ngNOG, a Legas Open Source Community Africa na tara matasa. Amma mai kula da saba a Gusau ko Damaturu da wuya ofishinsa ya biya masa kuɗin mota zuwa can. A kawo mana zama irin wannan Kano ko Kaduna ko Gombe sau ɗaya a shekara, na kwana uku, kowa da kwamfutarsa, a yi bayani da Turanci da Hausa, mu san fuskokin juna. Sau da yawa matsalar da ta hana ni barci mako guda wani a Sakkwato ya warware ta tun bara.

Ranka ya daɗe, wa'adi na gaba an riga an rubuta shi. Tallafin kyauta na Ubuntu 20.04 ya ƙare a Mayun 2025. Red Hat 8, da AlmaLinux 8 da Rocky 8 da yawancinmu muka fake a cikinsu, za su cika nasu a Mayun 2029. Ina roƙonka, duk ma'aikata ko makarantar da ka kai wa ziyara, bayan an gama jawabi a babban zaure, ka ce a kai ka ɗakin saba. Ka tambayi wanda ka tarar a ciki wace manhaja ce a kan injunansa, yaushe ya yi mata faci na ƙarshe, kuma wa ke riƙe masa in ya kwanta rashin lafiya. Ka saurari amsarsa a gaban shugabansa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora.

Wassalam.

Naka,
Wani mai kula da saba a Arewa.